Ina da farfaɗiya, an hana ni riƙon 'yar yayata

Tambaya: Likita, yayata ta rasu ta bar yarinya 'yar shekara huɗu. Ni ba ni da ɗa, kuma mijina ya amince in ɗauko ta. Amma dangin ubanta sun ƙi, wai ina da farfaɗiya, za ta ɗauka idan muka sha ruwa a moɗa ɗaya. Ina shan maganin asibiti, na yi wajen shekara biyu ban faɗi ba. Yanzu ni kaina tsoro ya kama ni. Zan cutar da ita? (Wata baiwar Allah, daga wani ƙauye a ƙasar Ringim)

Amsa: Allah ya jiƙan yayarki, ya raya abin da ta bari. Malama, kwantar da hankalinki. Ba a ɗaukar farfaɗiya. Ba ta moɗa, ba ta kwano, ba ta kumfar bakin wanda ya faɗi. Matsala ce ta saƙonnin da ke gudana a ƙwaƙwalwa, kuma a ƙauyukanmu sau da yawa tana biyo bayan doguwar naƙuda, sanƙarau, zazzaɓin sauro da ya hau kai, ko buguwa a ka. Wanne ne a cikinsu yake bin yawu?

Wallahi wannan magana ta ishe ni, domin kullum ina ganin ɓarnarta. An taɓa kawo mana wata matar aure da ciwon ya tayar mata tana tuƙa tuwo. Hannunta ya faɗa murhu, gida cike da mata, kowa ta ja baya tana salati don gudun kumfa. Kafin a samu mai ƙarfin halin janye ta, yatsu uku sun tafi. Faɗuwar minti biyu ce, amma tsoron mutane ya naƙasa ta har abada. Sai kuma masu ɗura cokali a baki suna karya haƙora, da masu turara hayaƙi a hancin wanda ke fama da numfashi. Mafi muni su ne masu motar lasifika a ranar kasuwa, da za su ce miki aljani ne, ki ajiye ƙwayar asibiti ki sha nasu. Dakatar da magani farat ɗaya yana iya jawo jijjigar da ba ta tsayawa, wadda take iya kisa. Ki yi addu'arki, ki sha maganinki, babu wanda ya hana wani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin ɗari na masu ciwon za su iya daina faɗuwa idan suka samu maganin da ya dace. Da alama kina cikinsu.

Abin da ya kamata dangin su tambaye ki shi ne tsarin gidanki. Kada ki ja ruwa a rijiya ko ki je rafi da yarinyar ku kaɗai. Girki ya zama akwai babba a kusa, kuma kada ki goya ta a gaban wuta. Ki ɓoye ƙwayoyin inda hannunta ba zai kai ba. Ki guji rashin barci, ki sayi magani tun saura na mako guda. Ki koya wa mutanen gida, har ita kanta idan ta ƙara wayo, cewa in kin faɗi a kawar da abin da zai ji miki ciwo, a kwantar da ke ta gefe, kada a sa komai a bakinki. Idan jijjigar ta wuce minti biyar, sai asibiti.

Batun wanda ya fi cancantar riƙo kuwa na malamai da alƙali ne, amma sanannen hadisi ne cewa 'yar'uwar uwa tana matsayin uwa. Ki karɓo takarda daga likitan da ke duba ki, ku je da mijinki wurin dagaci ko liman a zauna da dangin uban. Idan suna da wata hujjar su kawo, amma ta moɗa dai ba hujja ba ce.