Za mu kai yara da Hajiya bakin teku a Famagusta, kuma babu wanda ya iya iyo

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ɗana na fari zai kammala jami'a a Famagusta, Arewacin tsibirin Saifurus da ke Bahar Rum, a ƙarshen watan Yuni, kuma za mu je bikin ni da maigida, da surukata mai shekara 70, da ƙannensa uku, ƙaramar shekararta 4. Ya dage sai ya kai mu bakin teku mun wuni, wai ruwan wurin a kwance yake kamar na randa. Ni dai gabana faɗuwa yake yi. Babu wanda ya iya iyo a cikinmu, ga batun sutura da salla. In yarda ko in hana? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya sanya albarka a karatun. Ki yarda. Na zauna a garin nan, kuma jin bayanin ɗanki ina kyautata zaton bakin tekun Glapsides yake nufi, wanda ke arewa da gari a kan hanyar kufan Salamis, tafiyar 'yan mintoci a mota. Gaskiya ya faɗa miki. Gaɓar tana fuskantar gabas ne a cikin lungun teku, yashinta mai laushi ne, kuma sai mutum ya yi tafiya mai nisa a ciki ruwa bai wuce masa ƙugu ba. Bahar Rum ba ta cika da janyewa sosai kamar tekun Legas, bambancin bai kai rabin mita ba, don haka inda kika shimfiɗa tabarma da safe nan za ki same ta da rana.

Amma wannan kwanciyar ruwan ita ce abin da nake so ki ji tsoro. Inda igiyar ruwa ke ruri kowa riƙe yake da hannun ɗansa. Inda ruwa ya yi lumui kuwa sai hankalin manya ya koma kan hira da waya. Ni ya faru da ni. Wata ranar Asabar 'yata, lokacin tana shekara 5, tana zaune cikin tayar roba irin wadda ake hura wa iska, ruwa iya gwiwata. Na juya ina yanka kankana, ban gama rabin ƙwarya ba na ɗago na ga tayar ta yi nisan da ba zan iya takawa ba. Iska ce ta taso daga tudu tana tura ta cikin teku a hankali. Yarinyar ko kuka ba ta yi, ta ƙanƙame robar tana kallona kawai. Wani dattijo da ke iyo kusa ne ya jawo ta. Har yau in na tuna idanunta a lokacin sai jikina ya yi sanyi.

Saboda haka kada ki saya musu tayar nan, komai magiyarsu. Ki sayi rigar ceto mai ɗauri a ƙirji daidai jikin kowane yaro, ana sayarwa a shagunan garin. Ku raba aiki tun daga gida: duk lokacin da yara ke cikin ruwa, babba ɗaya yana tsaye a cikin ruwan tare da su, kusa yadda in ya miƙa hannu zai kama ƙaramar, babu waya a hannunsa. In ya gaji ya kira sunan wanda zai karɓe shi, ya ji ya amsa, sannan ya fito. Yaron da ruwa ke ci ba ya ihu, numfashi yake nema, kuma ruwa iya cinya ya isa. Ku zauna kusa da ma'aikacin ceto in akwai shi a ranar, in kuma kun ga jar tuta kada kowa ya shiga. Lambar neman agaji 112 ce.

Sutura kuwa ba zan ɓoye miki ba, za ki ga mata da maza cikin ɗan kamfai, kuma ana sayar da giya a rumfunan wurin. Maganinsa sammako. A ƙarshen Yuni rana kan fito wajen biyar da rabi, to ku isa kafin bakwai, lokacin daga tsofaffi masu motsa jiki sai masu ƙananan yara. Kafin sha ɗaya, sa'ad da jama'a ke cika kuma yashi ya fara ƙona tafin ƙafa, kun gama naku. Wunin da ɗanki ke so ba dole ba ne, awa huɗu sun wadatar. Babu mai hana ki shiga da cikakkiyar sutura. Matan Turkiyya masu lulluɓi suna da rigar iyo mai dogon hannu da wando da hula, suna kiranta hashema. Ita za ki nema, don zani ko dogon hijabi in ya sha ruwa nauyi yake yi yana harɗe ƙafa. Hajiya kuma a kama mata kujera da laima a bakin ruwan, ta tsoma ƙafafunta. Kada a bar ta da gadin kaya, ita ma ta yi doguwar tafiya.

Ruwan teku yana alwala, hadisin yana cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik, cewa ruwansa mai tsarkakewa ne. Sai dai gishirinsa ya fi na Atlantika, yana yaji a ido, ki riƙe gorar ruwan daɗi don wanke wa yara fuska. Abin da ke rikita mutanenmu shi ne alƙibla. Mun saba da gabas, sai ka ga mutum ya fuskanci teku ya kabbara. Daga Saifurus Makka tana kudu ne, da ɗan karkata zuwa gabas, wato teku na hagunka.

Abinci kada ki wahalar da kanki. Burodi, kankana, da cukunsu da suke kira hellim, wanda ake gasawa bai narke ba, sai ayran, nono ne tsinkakke mai ɗan gishiri. Kuɗin da ake kashewa lirar Turkiyya ce. Motoci ta hagu suke bi, ki riƙe hannun yara wajen tsallaka titi. Gargaɗi ɗaya ga maigida in mai son kifi ne: kada ya ci wanda wani ya kama da ƙugiya ya ba shi bai san irinsa ba. Akwai wani mai kumbura ciki da ya shigo daga Bahar Maliya ta mashigin Suwez, dafinsa yana kisa kuma dafuwa ba ta kashe shi.

In kun huta, ku yi la'asar a masallacin Lala Mustafa Pasha cikin tsohuwar ganuwa. Majami'a ce a da, aka mayar da ita masallaci bayan Turkawan Daular Usmaniyya sun ci garin a 1571. A ƙofarsa akwai wata ƙatuwar bishiya da mutanen garin ke cewa tun 1299 aka dasa ta. Kada ki gaya wa Hajiya ko mece ce, ki kai ta gindinta kawai ta ɗaga kai. Ɓaure ne, irin na gida, 'ya'yan a manne jikin reshe.