Me ke kawo jiri idan na miƙe tsaye, kuma me ya sa ƙafafuna ke kumbura?

Tambaya: Salamu alaikum likita. Ina da shago, a tsaye nake yini, ina shan amlodipine na hawan jini. Da yamma idon sawuna yana kumbura, kuma idan na tashi daga zaune da sauri sai jiri ya ɗebe ni in ga duhu, musamman da azumi. Zuciyata ce ta samu matsala?

Amsa: Wa alaikumus salam malam, Allah ya ƙara lafiya. Kwantar da hankalinka, abubuwan nan biyu sau da yawa tushensu ɗaya ne, wato yadda jini ke komawa zuciya.

Baligi yana da jini kusan lita 5, kuma wajen kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari nasa yana cikin jijiyoyin da ke mayar da shi zuciya ne. Zuciya ta tunkuɗo shi da ƙarfi, amma kafin ya ratsa ƙananan jijiyoyi ya kai yatsun ƙafa ƙarfin ya kusa ƙarewa, ga shi kuma sai ya hau sama tun daga tafin ƙafa har ƙirji. To wa zai hau da shi? Tsokar sha raɓarka ce. Duk takun da ka yi tana matse jijiyoyin da ke cikinta jinin ya yi sama, a cikin jijiyoyin kuma akwai 'yan ƙofofi kamar bawul na tayar keke, hanya ɗaya suke buɗewa, abin da ya wuce ba ya dawowa. Numfashi ma yana taimakawa, in ka ja iska matsi ya ragu a ƙirji ya ƙaru a ciki sai jinin ya zuƙu sama.

Kana iya ganin ƙofofin da idonka. Sauke hannunka har jijiyar bayansa ta tashi, danne ta da yatsa ɗaya ta wajen yatsu, ka shafe jinin da wani yatsan zuwa sama ka saki na saman, za ka ga wani sashe ya zauna a lafe har sai ka ɗaga na ƙasan. Da irin wannan gwajin William Harvey na Ingila ya nuna zagayen jini a 1628.

Kai kuwa a tsaye kake cik bayan kantar shago, tsokar ba ta aiki, jini ya taru a ƙasa ruwa ya tsatso cikin nama, ga amlodipine shi ma an san shi da kumbura idon sawu.

Jirin kuma, da ka miƙe kusan rabin lita na jini ke gangarawa ƙafafu da ciki, abin da ke isa zuciya ya ragu, matsin jini ya faɗi. Akwai wasu masu gadi a bangon jijiyar wuya da babbar jijiyar da ta fito daga zuciya, su ke jin faɗuwar su sanar da ƙwaƙwalwa, cikin daƙiƙoƙi bugun zuciya ya ƙaru jijiyoyi su tsuke. In ruwan jiki ya yi ƙasa saboda azumi da zafi, ko magani ya sassauta jijiyoyin, gyaran sai ya makara ka ga duhun nan. Ƙoda ita ke da aikin dogon zango, tana sakin sinadarin renin wanda a ƙarshe ke tsuke jijiyoyi ya sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, shi ya sa muke ta faɗa kan gishiri da dunƙulen miya.

Don Allah kar ka bar maganin da kanka, wannan na fi damuwa da shi, mutane su ji jiri su ajiye ƙwaya sai shanyewar ɓarin jiki ta biyo. Je asibiti a gwada matsin jininka a kwance sannan a tsaye, in lambar sama ta faɗi da 20 ko ta ƙasa da 10 cikin minti 3 to likita zai duba ko ya sauya maganin ko lokacin shansa. A shago ka riƙa ɗaga dunduniya kana saukewa, ka ɗan zaga, in ka dawo gida ɗora ƙafa kan matashi. Sha ruwa sosai tsakanin buɗa baki da sahur, in za ka tashi daga kwance zauna tukuna.

Amma in ƙafa ɗaya ce ta kumbura tana zafi da ciwo, ko kumburin ya zo da haki da ciwon ƙirji, ko ka taɓa suma, kar ka kwana, a ranar za ka ga likita.