Hukuncin biyan kuɗin rajista da haraji daga zakkar da ƙungiya ta tara

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ne ma'ajin wata ƙungiyar tallafa wa marayu a Daura. Zakka da sadaka duk a asusu ɗaya muke zuba su, da sunan shugabanmu. Banki ya ce ba zai buɗe mana asusu da sunan ƙungiya ba sai da takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, lauya kuma ya yanka mana kuɗinsa. Muna da shagon da wani bawan Allah ya bar mana waƙafi, muna sayar da kayan masarufi a ciki. Za mu iya biyan lauya da haraji daga zakka? Wasunmu kuma sun ce mu ɓoye cinikin shagon tunda na marayu ne.

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah ya saka muku da alheri.

Abin da ya fi tayar mini da hankali, ɗan'uwa, shi ne wanda ba ka tambaya ba: dukiyar marayu tana zaune da sunan mutum ɗaya. Ran da Allah ya karɓi ransa, banki magadansa ya sani, kuma sai ku yi ta neman shaidu a gaban alƙali. Allah ya umarta a mayar da amana ga masu ita a Suratun Nisa'i aya ta 58, kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ƙa'idar malamai ita ce abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Don haka rajistar amintattun ƙungiya a CAC, wadda dokar kamfanoni (CAMA) ta 2020 ta tanada, halal ce, a halinku ma wajibi nake ganinta. Haka takardar SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, wadda bankuna ke nema.

Sai dai ba daga zakka za a biya ba. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙidaya mutum takwas, ta fara da "innama", wato su kaɗai. Babu lauya a ciki, babu CAC, babu ofishin haraji. Na san za a ce ai akwai ma'aikatan zakka a cikin takwas ɗin. Gaskiya ne, amma ma'aikacin zakka a wajen malaman fiƙihu shi ne wanda shugaba ya naɗa ya karɓo ya raba, kamar ma'aikatan Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Katsina. Ku kuwa wakilan mai zakka ne. Alhajin da ya ba ku dubu ɗari, aikenku ya yi, kuma nauyin bai sauka daga wuyansa ba sai dubu ɗarin ta shiga hannun mai haƙƙi cif. In kun yanki dubu biyar kun ba lauya, sai kun biya ta. Ko da hukuma ta ba ku izini a rubuce kun zama ma'aikata, rabonku ladan aikin karɓa da rabawa ne, ba kuɗin takardun ƙungiya ba.

Wani abin da ake yawan mantawa: maraici shi kaɗai ba ya sa a ci zakka. Marayan da mahaifinsa ya bar masa gonaki da gidajen haya, a riƙa shi da sadaka da kulawa, zakka ta matalautan cikinsu ce.

To daga ina za a biya? Daga kuɗin da 'yan ƙungiya ke tarawa, ko sadakar da mai ita bai ɗaure ta da wani sharaɗi ba, ko ribar shagon. A hadisin gonar Sayyidina Umar ta Khaibar, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, an yarda mai kula da waƙafi ya ci daga cikinsa daidai gwargwado, balle abin da za a kashe don tsare waƙafin kansa. Wannan ba zai yiwu ba sai kun raba asusu biyu, na zakka daban, kowanne da littafinsa.

Batun ɓoye ciniki kuwa bai halatta ba. Takardar da kuke cikewa ku sa hannu shaida ce, kuma Annabi (SAW) ya lissafa shaidar zur cikin manyan zunubai. Kyawun niyya ba ya wanke ta. Ƙari a kan haka, in asiri ya tonu, tarar da za a ci ku daga bakin marayun za ta fita.

Ku ma san dokar, don tsoron ya fi abin yawa. Dokar Najeriya ta ɗauke wa ƙungiyoyin addini da na jinƙai da na ilimi haraji a kan gudummawar da suke samu, matuƙar kuɗin bai fito daga kasuwanci ba. Zakka da sadakar da kuka karɓa ba a taɓa su. Ribar shago ce ke iya shiga haraji, sai kuma albashin ma'aikata, wanda ake cirewa a kai wa hukumar tara kuɗin shiga ta jiha. Sabuwar dokar haraji ta 2025, wadda ta fara aiki a Janairun 2026, ta ɗauke haraji daga naira 800,000 na farko na abin da mutum ke samu a shekara, don haka mai gadinku da malamar da ke koyar da yara da wuya abin ya shafe su. An ɗauke muku biya a kan gudummawa, ba a ɗauke muku lambar haraji da kai bayanin shekara-shekara ba. Ku nemi akanta mai tsoron Allah ya duba littafin shagon.

Idan wani jami'i ya nemi abin da doka ba ta ɗora muku ba, ku ce ya ba ku a rubuce da rasit, ku kai ƙara sama da shi. Na goro daga dukiyar marayu haramun ne ga mai karɓa, kuma ba ku da ikon bayarwa.

Abin da kuka riga kuka kashe daga haɗaɗɗen asusun, ku zauna ku yi lissafi. Duk abin da ya taɓa zakka a mayar da shi daga ribar shago, ko da kaɗan-kaɗan ne.

Wallahu a'alam.