Tambaya da Amsa: Da gaske an sauya wa tazargade ƙwayar halitta?

TAMBAYA: Malam, ina sayar da magungunan gargajiya a Kasuwar Barci. An turo mini saƙon murya a WhatsApp wai Turawa sun sauya wa tazargade ƙwayar halitta, duk wanda ya sha zai daina haihuwa. Masu saye sun fara ja baya. Ina gaskiyar take?
Daga wata 'yar kasuwa, Tudun Wada, Kaduna.

AMSA: Hajiya, maganar hana haihuwa shaci-faɗi ce. Amma batun taɓa ƙwayar halittar tsiron yana da tushe.

Daga wani nau'in tazargade na ƙasar Sin, Artemisia annua, wata masaniya mai suna Tu Youyou ta fitar da sinadarin atemisinin a 1972, aikin da ya ba ta kyautar Nobel a 2015. Shi ne jigon magungunan ACT da ake ba mu a asibiti idan maleriya ta kama mu. Sinadarin kaɗan ne a ganyen, shi ya sa masana suka ɗauki ƙwayoyin halittar tsiron suka dasa wa yis, har kamfanin Sanofi ya fara haɗa maganin ta wannan hanya a Italiya a 2013. Wannan aikin a cikin tankunan masana'anta ake yin sa. Cikin tsirran da aka sauya wa ƙwayar halitta, waɗanda aka amince a noma a Najeriya kuwa su ne auduga da wake da masara, babu tazargade a ciki. Waken da masarar ma a nan kusa da mu aka yi aikinsu, a cibiyar binciken noma ta Samaru, Zariya.

Inda nake ɗari-ɗari shi ne a kai tsiron magani da aka sauya wa ƙwayar halitta gona. A 2002 a jihar Nebraska ta Amurka, masarar da aka sauya don ta samar da rigakafin cutar aladu ta sake tsirowa a gonar da aka shuka waken suya, aka girbe su tare, dole aka lalata fiye da tan 13,000 na waken. To, ina ga mu da gonakinmu ke manne da juna, iri kuma daga hannu sai hannu? Nan ne hukumar NBMA mai kula da tsirran da aka sauya wa ƙwayar halitta a Najeriya, da aka kafa a 2015, ya kamata ta sa ido sosai.

Ke kuma, Hajiya, abin da ya fi shafar ki daban ne. Ba wanda zai iya auna yawan sinadarin da ke cikin kofin jiƙo, kuma idan ya yi kaɗan, ƙwayar cutar ba ta mutuwa, sabawa take yi da shi. Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a yi maganin maleriya da jiƙon ganyen ba. Duk wanda ya zo miki da zazzaɓi, musamman yaro ko mai ciki, ki tura shi a yi masa gwajin jini tukuna.