Amsa kan kamun kifi da wanka a kogin Thames

Malam, ka tambaya ko mai kamun kifi don nishaɗi a bakin kogin Thames da ke ratsa Landan yana buƙatar lasisi. Tabbas yana buƙata: a Ingila duk wanda ya kai shekara 13 sai ya samu lasisin sandar ƙugiya daga hukumar kula da muhalli, kuma tarar rashinsa tana iya kaiwa fam 2,500. Daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni an hana kama yawancin kifayen kogi, domin lokacin hayayyafarsu ne.

Wanka kuwa shi ya fi damuna. Tsakanin gadar Putney a yammacin Landan da yankin Crossness a gabashin birnin an haramta iyo sai da izinin hukumar tashar jiragen ruwan Landan, saboda ruwan yana cikowa da sauri, yana da sanyi, kuma yakan rutsa da wanda ya sauka gaɓa.