Yadda gari zai farfaɗo bayan gobarar daji

Malam, ka tambayi yadda ƙauyenku na ƙasar Zuru zai farfaɗo bayan wutar daji ta cinye dammunan dawa da harawar da aka tara a gonaki. Allah Ya mayar muku da mafificin alheri.

A fara da zaman mai gari da liman da wakilan mata, a rubuta asarar kowane gida, domin da wannan takarda ce za a nemi agajin SEMA, wato hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, ta hannun ƙaramar hukuma.

Abin da ya fi damuna shi ne watannin da ke biyo baya. Manomin da hatsinsa ya ƙone yakan sayar da shanun huɗarsa kafin damina, ko ya ci bashin da zai biya da buhunan kaka mai zuwa, daga nan talauci ke kama shi na shekaru. Saboda haka a ware rumbun gari, waɗanda Allah Ya tsare amfaninsu su zuba zakkarsu ta ɗaya bisa goma a ciki, a keɓe iri tukuna kafin a raba na ci, sannan a yi wa gidajen da abin ya shafa gayya lokacin shuka, musamman na zawarawa da tsofaffi.

Tun daga Nuwamba kuma, kafin iskar hunturu ta yi ƙarfi, matasa su share ciyawa kewaye da rumbuna, a kuma zauna da ardo da sarkin baka a tsayar da dokar cinna wuta.