Zan iya ɗora wa motata babban birki da adafta ta ƙira?

Tambaya: Salam Malam. Motata ƙarama ce, in na sauko gangara mai tsawo da kaya birkinta yana sanyi, sai na ji feda ta yi laushi. Na samu kalifa (abin da ke matse diski in an taka birki) da diski na wata babbar mota amma ramukan noti ba su dace ba, wani ya ce a yanka min adafta, wato ƙarfen da zai haɗa kalifar da motata, a injin yankan ƙarfe kawai a ɗaura. Yana yiwuwa, kuma ba haɗari?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Yana yiwuwa, ana yi sosai, masu tseren mota ma aikinsu kenan. Amma kafin ka kai wa mai injin ko sisi, wannan laushin fedar da ka ce ni ya fi min kama da man birki ne ke tafasa. Man birki yana shan danshi daga iska, in ya shekara biyu ko fiye ba a canja ba sai ya riƙa tafasa da wuri, tururi ya shiga layi, ka taka ka ji kamar soso. Sabon man birki nau'in DOT 3 yana jure zafin aƙalla digiri 205 na Celsius kafin ya tafasa, DOT 4 kuma 230. To fara da canja mai da sa fad mai kyau, wato abin da ke goga diski, ka kuma riƙa saukowa gangara da ƙaramar giya, da yawa a nan matsalarsu ke ƙarewa. Kar dai ka zuba DOT 5, na silikon ne, ba ya haɗuwa da sauran.

Kuma ka sani babban diski ba shi ke sa mota ta tsaya nan take ba, taya ce ke riƙe kwalta. In birkinka na yanzu yana iya kulle taya ko ya tada ABS, na'urar da ke hana taya kullewa, to ƙarfi kam akwai, abin da babban diski zai ƙara maka shi ne ɗaukar zafi.

In ka ce sai ka yi, to adaftar nan ita ce komai, don duk ƙarfin da kalifa ke kama diski da shi ta jikinta yake bi. Kar ka yarda a yanko maka guntun ƙarfen da ba a san asalinsa ba a yi masa walda a huda da diril a ce an gama. A sassaƙo ta daga dunƙule guda, ko ƙarfe mai kyau ko alminiyom 6061-T6 ko 7075-T6, shi alminiyom ɗin nan in aka yi masa walda ƙarfinsa raguwa yake sosai a wajen da wuta ta taɓa. Noti ya zama mai lamba 10.9 a kai, in zaren a cikin alminiyom aka yanka ya shiga kamar ninki biyu na kaurinsa, a ɗaure da sifana mai awo ba da "na ji ya kama" ba.

Awo ne ke ba mutane wahala gaskiya. Dole diski ya zauna tsakiyar kalifa cif, fad ya kwanta duka a fuskar diski ba rabi a waje ba, ramin tsakiyar diski ya kama hob, wato inda ake ɗaura diski da taya, daidai, don karkata ta wuce kamar milimita 0.05 ma nan gaba za ka ji sitiyari na rawa in ka taka. Ni na fi son a fara gwadawa da samfurin katako ko roba kafin a ɓata ƙarfe. Ka duba rim zai ɗauka kuwa, ka juya sitiyari har ƙarshe ka ga tiyon birki bai ja ba, kuma kan da ake cire iska ya kalli sama, in ka musanya kalifar hagu da dama iska ba za ta taɓa fita ba.

Sai abin da aka fi mantawa, wato masta, famfon da ke tura man birki in ka taka feda. Kalifa mai manyan fistin tana cin mai da yawa, in mastarka ƙarama ce feda za ta yi nisa kafin ta kama, ga shi gaba ya yi ƙarfi ya bar baya, sai ka ga tsayuwar ma ta ƙara tsawo. A lissafa faɗin fistin na tsohuwa da na sabuwa, su zo kusa da juna. Bayan an ɗaura ka gwada a fili inda ba kowa, a hankali tukuna, bayan kwana biyu ka sake duba notunan ko akwai tsagewa a kusurwar adaftar, sannan ka sanar da kamfanin inshorarka an canja birki.